Zanzibar ko Senegal? Amsar tambayar Hajiya kan hutun Disamba

Salamu alaikum jama'a. Hajiya na ga tambayarki tun jiya da daddare, cewa ke da Alhaji da yara kuna da sati ɗaya a hutun Disamba, yaran basu taɓa ganin teku ba, kuma kina son inda za a ga ruwa a ga tarihi, ba wai a je a kulle kai a otal ana kallon talabijin ba, shine kike tambaya tsakanin Zanzibar da Senegal wanne ya fi. Na ga tuni mutane sun yi ca sun ce Zanzibar, kuma na san hotunan Instagram ne ke magana da bakinsu. Toh tunda Allah ya sa na taka duka biyun bari in faɗi nawa, wanda ya fi ni sani ya gyara min.

In Disambar nan ce da gaske, ni Senegal zan ce. Ba don ta fi Zanzibar kyan ruwa ba, wallahi bata fi ba, ko kusa. Takarda ce ta fara raba gardamar. Senegal ƙasar ECOWAS ce, da fasfo ɗinmu na Najeriya za ku shiga ba biza, har kwana 90 in kun ga dama, abinda za a nema kawai fasfo mai rai da katin rigakafin shawara, wannan yalon katin. Ita kuwa Zanzibar ɓangaren Tanzaniya ce, kuma Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da basa ba bizar sauka a filin jirgi, dole sai kun cike ta intanet tun kuna gida, a tura takardunku a duba, ku zauna jiran amsa, abin yana iya cin makonni kuma babu wanda zai ce miki ga ranar fitowarta. Kinga mai sati ɗaya tak wanda hutun makarantar yara ya ɗaure, in ya sayi tikiti bizar mutum ɗaya ta maƙale ai an shiga uku. Sannan tun 1 ga Oktoba 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi wata inshora tata, dala 44 kan babban mutum, ko da kina da wata inshorar daga gida sai kin yanki tasu. Duk wannan ba hana zuwa yake ba, shiri dai yake so tun da wuri.

Maganar jirgi kada a ruɗe ku da taswira. Dakar nan yammacinmu take amma tikitin cikin Afirka ta Yamma tsada gare shi kamar me, sau da yawa sai an bi ta Lome ko Abidjan, kuma ba abin mamaki bane kuɗinsa ya kamo na Zanzibar. Ta Zanzibar yawanci ta Addis Ababa ake bi, daga Kano ko Abuja, wanda mu mutanen Zariya duk biyun ba nisa. Ku sa a duba muku farashin biyun rana ɗaya kafin ku yanke. Agogo kuma, Zanzibar tana gabanmu da awa 2, Senegal tana bayanmu da awa 1.

Yanzu ruwan. Nan dai gaskiya Zanzibar ta yi wa Senegal fintinkau. Tekun Indiya ne, ruwa mai ɗumi, garai-garai kina hango ƙafarki a ƙasa, yashi fari fat har yana kashe ido da rana. Amma akwai abinda masu hoto basa faɗa, shine bakin ruwan ba iri ɗaya bane. A gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani, ruwan janyewa yake sau biyu a yini, ya tafi can nesa har ki ɗauka ya ƙafe, kwale-kwale su zauna a kan yashi, mata su fito suna aikin gonakin ciyawar teku da suke nomawa a ɗaure jikin igiya, sai bayan awoyi ya dawo. Abin kallo ne ƙwarai, yara za su yi ta tsintar abubuwa a inda ruwan ya bari, sai dai a sa musu takalmin roba saboda akwai wata halitta mai ƙaya da ke kwanciya a wurin. Wanda yake son wanka kowane lokaci sai ya yi arewa, Nungwi da Kendwa, can ruwan baya guduwa sosai, amma can ne kuma matattarar Turawa da kiɗa da giya da shigar da ba za ki so idon yaranki a kai ba, balle ƙarshen Disamba da suke tururuwa hutun Kirsimeti, otal ya yi tsada, gari ya ɗau zafi mai gumi.

Senegal Tekun Atlantika ne, kuma shi ba a masa wasa. Ruwan ya fi duhu, a Disamba da ɗan sanyinsa, igiyarsa da ƙarfi, akwai bakin ruwa da dama a arewacin Dakar da hukuma ta hana wanka saboda yana cin mutane. Yaran da iyakar ruwan da suka sani shine dam ɗin ABU, dan Allah kada a sake su a irin wannan wurin. Inda ake kai iyali shine kudu da Dakar, wajen Saly da Somone da Popenguine, can ruwan ya fi kwanciya. Yana da kyau, amma in farin yashin nan na cikin hoto ne ya shiga ranki, Senegal ba za ta biya ki ba, gara in faɗa miki tun yanzu. Abinda take da shi a Disamba shine yanayi, damina ta wuce tun Oktoba, iska mai daɗi, a yini ana yawo ba a galabaita ba.

Tarihi kuma kowacce da irin nata. Na Zanzibar a dunƙule yake wuri ɗaya, cikin tsohon garin da ake kira Stone Town, wanda UNESCO ta saka cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Duk wanda ya taɓa ɓata a lungunan cikin birnin Zariya tsakanin Ƙofar Doka da bayan gidan Sarki zai gane garin nan take, lungu ya haifi lungu, mota bata shiga, sai babur da keke da almajiran islamiyya, bambancin kawai nasu benaye ne na dutsen murjani masu hawa biyu uku, da manyan ƙofofin katako da aka sassaƙa, wasu da ayoyi a samansu wasu da ƙusoshin tagulla irin na Indiya. Larabawan Oman ne suka kori Turawan Fotugal daga yankin a ƙarshen ƙarni na 17 suka gina tsohuwar ganuwar da ke bakin ruwa, daga baya Sarki Sayyid Sa'id ya taso da fadarsa kacokan daga Maskat ya dawo Zanzibar wajen 1840, saboda kanumfari da hauren giwa da bayi. Kusa da ganuwar akwai Baitul Aja'ib da Sarki Barghash ya gina a 1883, gidan da ya fara samun lantarki a tsibirin, amma wani sashe nasa ya rufta a Disamba 2020, don haka a tambaya tukun kafin a sa rai da shiga. A wannan bakin ruwan ne jiragen yaƙin Ingila suka yi wa fadar sarki luguden wuta ranar 27 ga Agusta 1896, yaƙin bai kai awa ɗaya ba aka gama, shi ake kira yaƙi mafi gajarta a tarihi, yara maza suna son wannan labarin. Sarautar kanta ta faɗi ne a juyin juya halin Janairu 1964 wanda aka zubar da jini sosai, a Afrilun shekarar aka haɗe da Tanganyika aka samu Tanzaniya. In aka yi kudu zuwa Kizimkazi akwai tsohon masallaci da ke ɗauke da rubutun Kufi, wani tsohon salon rubutun Larabci, na shekarar 500 bayan Hijira, wato 1107, ki lissafa, kusan shekara 700 kenan kafin jihadin Shehu.

Wurin da ya fi tsaya min a rai a can shine tsohuwar kasuwar bayi. An rufe ta a 1873 bisa matsin Turawan Ingila, aka gina cocin Angilika a kan filin, kuma akwai ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi, rufinsu ƙasa-ƙasa mutum baya iya miƙewa sosai. Abinda ya sa ya fi min nauyi, masu wannan cinikin ba Turawa bane, akasari Musulmi ne Larabawa da Sawahilawa, irin su Tippu Tip wanda gidansa yana nan cikin garin. Mu da muka saba jin labarin bauta kamar laifin Bature ne shi kaɗai, wurin yana sa mutum ya yi shiru, balle Bazazzagi da ya san ƙasarmu ma an yi rinji an yi harin bayi kudancinta, ba a dai cika son tada zancen bane.

Takwararta a Senegal ita ce tsibirin Goree. Daga tashar jirgin ruwan Dakar kamar minti 20 ne, ɗan tsibiri ne da tsawonsa bai kai kilomita ɗaya ba, babu mota ko ɗaya, gidaje ja da rawaya da furanni sun lulluɓe katanga, kyansa har ya so ya yi yawa in aka tuna abinda aka yi a wurin. Yana cikin rukunin farko da UNESCO ta fara sakawa a 1978. Gidan Bayi da ke can an gina shi wajen 1776, sama masu gida suke zaune, ƙasa kuma ɗakunan da aka ware na maza da na mata da na yara, sai wata ƙofa a ƙarshen siririn zaure da ta buɗe kai tsaye kan teku, wadda suke cewa wanda ya fita ta nan baya dawowa. Mandela ya je, Fafaroma John Paul na biyu ya je a 1992, Obama ya je a 2013. Masana tarihi da yawa sun ce adadin bayin da masu rakiya ke faɗa an zuzuta shi, cewa manyan tashoshin fitar da bayi suna wasu wuraren ne irin su Ouidah da Bonny da Luanda, kuma inaga suna da hujja. Amma tsayawa a bakin ƙofar nan da yaro ɗan sakandare ya fi masa karatun zango guda. In za a gwada su, na Zanzibar ya fi bayani a rubuce don akwai ɗakin nuni mai hotuna da tarihi daki-daki kuma da Turanci, na Goree ya fi taɓa zuciya amma sai kun nemi mai rakiya da ke jin Turanci, in ba haka ba Faransanci za a yi ta zuba muku kuna gyaɗa kai.

Inda Senegal ta fi yawan kaya shine ba Goree kaɗai gare ta ba. Akwai Saint-Louis can arewa kusa da iyakar Muritaniya, tsibiri ne a bakin kogin Senegal, Faransawa suka kafa garin a 1659, shine babban birnin ƙasar kafin a mayar Dakar gab da samun 'yanci, ana shigarsa ta wata doguwar gadar ƙarfe, gadar Faidherbe ta 1897, mai tsawon mita 500 da ɗoriya. Tsofaffin benaye masu baranda, keken doki, sai unguwar masunta ta Guet Ndar da kwale-kwale masu fenti ba iyaka, da ƙarnin kifi shima ba iyaka. Gaba da shi akwai gandun tsuntsaye na Djoudj, kuma Disamba lokacinsa ne don tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai suna nan, kwasa-kwasa dubbai a wuri guda. Matsalarsa nisa, awa 4 zuwa 5 a mota daga Dakar, da sati ɗaya da yara ni cewa zan yi a bar shi sai wani jiƙon.

Kudu za ku yi. Akwai Joal, garin da aka haifi shugabansu na farko Senghor a 1906, daga nan a taka gadar katako a shiga Fadiouth, tsibirin da ƙasarsa gaba ɗaya ɓawon katantanwar teku ce da aka yi ɗaruruwan shekaru ana tarawa, kina tafiya yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Mafi yawan mutanen garin Kirista ne, kuma maƙabartarsu ɗaya da Musulmi, a wani tudun ɓawon da kukoki suka tsiro a kai, ga kabari mai gicciye ga wanda ya kalli alƙibla. Mu 'yan jihar Kaduna ya kamata a riƙa kwasarmu mota-mota ana kai mu wurin nan. Gaba kaɗan sai yankin Saloum inda kogi ya rarrabu ya shiga teku, tsibirai birjik da itatuwan nan masu tsirowa cikin ruwan gishiri saiwarsu a waje, ana shiga da kwale-kwale mai inji, shima UNESCO ta saka shi a 2011. Ku tabbata an ba kowa rigar kariya kafin a tashi, kada a ji kunyar tambaya. A hanya kuma akwai gandun Bandia inda yara za su ga raƙumin dawa da karkanda da jakin dawa daga cikin mota. Zanzibar nata na yara sune manyan kunkuran tsibirin Changuu, wasu sun haura shekara 100, da jajayen biran dajin Jozani da babu irinsu ko ina sai a Zanzibar, da gonakin kayan ƙamshi inda za a nuna musu bishiyar kanumfari da kirfa da masoro a raye. Wannan na ƙarshen na san ke zai fi burgewa Hajiya, jaka guda za ki ciko.

Sai abinda na san Alhaji zai fi kulawa da shi. Kaulaha a bakin kogin Saloum ɗin nan take, kusan kilomita 190 daga Dakar, wato in kun je yankin kun riga kun zo ƙofar Madina Baye, inda masallaci da kabarin Shehu Ibrahim Inyass suke, wanda ya rasu a 1975. Alaƙarsa da ƙasar Hausa tsohuwa ce, tun haɗuwarsa da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a Makka a 1937, shi ya sa a unguwar za ki ji Hausa a kan titi, ɗalibanmu suna can da yawa. Wanda yake ɗan ɗarika tafiyar ta zama biyu a ɗaya, wanda kuma ba ruwansa da ɗarika sai ya wuce abinsa, ba sai mun buɗe wannan babin a nan ba. Ta fuskar addini duk biyun ba za ku takura ba, masallatai ko ina, nama halal. Senegal Malikawa ne irinmu. Zanzibar akasari Shafi'awa ne da 'yan Ibadiyya kaɗan, za ku ji ana bayyana bisimilla a sallah ana ƙunutin asuba da ƙarfi, kada yara su ɗauka kuskure liman ya yi. Matansu da baƙar abaya da hijabi suke yawo, shigarki ba wanda zai kalla sau biyu.

Abinci, bakin Bahaushe ya fi saurin sabawa da na Senegal. Cebu jen dafa-dukar shinkafa ce da kifi da kabeji da rogo da karas, yassa kaza ce da albasa da lemun tsami, mafe miyar gyaɗa ce, bisap ɗinsu zoɓonmu ne, ga shayi ataya zagaye uku, kuma a Dakar akwai masu gashin da ake kira dibi hausa, yawanci 'yan uwanmu ne na Nijar, har da yajin ƙuli. Na Zanzibar pilau ne da biriyani da miyar kwakwa, yana da daɗi amma kwakwar tana ginsar wanda bai saba ba. Kasuwar dare ta Forodhani da ke Stone Town a je a sha ruwan rake a kalli hada-hada, kayan tekun da aka jibge a tebur kuwa a yi hattara, ba duka ne na ranar ba, kuma a yi ciniki kafin a ɗora a wuta.

Yare, Zanzibar ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, Turanci yana aiki a duk inda baƙo zai je, Senegal kuwa Wolof ne da Faransanci, direban tasi sai da nuni da kalkuleta. Masu bin baƙo da talla da "zo in kai ka" duk biyun akwai su, ba wadda ta fi wata. Kuɗi, Senegal sefa ce irin ta Nijar, ana iya canzawa tun daga Kano, Zanzibar shilin Tanzaniya ne, in za ku riƙe dala kuma ku sani su kan ƙi tsofaffin takardun dala, a nemi sababbi. Kada a dogara da katin banki na naira a ko ina cikinsu.

Wani bambancin da ya kamata ki auna da ƙarfin jikinku shine zirga-zirga. Babban tsibirin Zanzibar, Unguja, tsawonsa kusan kilomita 85 ne kawai, daga Stone Town zuwa Nungwi awa ɗaya da rabi, sai ku yi masauki biyu ku gama komai ba gajiya. Senegal ƙasa ce guda, kullum ana kan hanya, ga cunkoson Dakar, filin jirginsu ma na Blaise Diagne yana wajen gari kusan kilomita 50. Amma wannan nisan alheri ne gare ku don filin ya fi kusa da ɓangaren Saly, saboda haka da ni ne sai in sauka in wuce can kai tsaye, kwana 3 yara su sha ruwa a je Bandia a je Fadiouth, kwana 1 ko 2 a yi Saloum da Kaulaha, sauran a dawo Dakar a yi Goree da sassafe kafin 'yan makaranta su cika jirgin, da yamma a je Almadies, ƙarshen yammacin nahiyar Afirka kenan. Ku ɗauki mota da direba na duka kwanakin, a yi jinga tun farko har da mai, ya fi muku rufin asiri a kan tasi ɗaiɗai.

Zanzibar kuma ku ajiye ta zuwa dogon hutu, Yuli ko Agusta, lokacin babbar daminarsu ta Maris zuwa Mayu ta wuce gari ya yi sanyi-sanyi, a fara neman biza tun bayan ƙaramar sallah. Kafin komai dai Hajiya a ciro fasfo ɗin kowa yau a duba, musamman na yaran, ya zama da sauran aƙalla wata 6 a kai ranar tafiya, wanda nasa ya kusa mutuwa a fara da shi gobe.